Daga Teburin Malam: Dutsen Zagami da Tambayoyin Yaranmu



Duk lokacin da aka yi hutu, 'yan makaranta sukan dawo gida da akwatunansu. Ban da tufafin wanki da takardar sakamako, sukan dawo da wani kaya wanda ido ba ya gani, watau tambayoyi. Yaron da ke sakandare ya riga ya ji cewa duniya ta yi shekara dubban miliyoyi. Yarinyar da ke koyon aikin jinya an nuna mata hoton ƙwaƙwalwa, an ce a nan tunani yake zaune. Wanda ke jami'a kuma ya ga wani a wayarsa yana cewa rai daga sararin sama ya faɗo, mutuwa kuwa kamar a hure fitila ce, shi ke nan. Sai su zauna wurin addu'ar iyali su yi tsit, amma cikinsu cike da magana.

In sun yi ƙarfin hali sun tambaya, yawancinmu amsa biyu gare mu. Ta fari, "Rufe mini baki, wannan karatun marasa tsoron Allah ne." Ta biyu, "Je ka tambayi fasto." Duka biyun suna koya wa yaro abu guda, cewa bangaskiyar gidansu tana tsoron tambaya. Yaron da aka ce masa duk abin da ke cikin littafinsa na kimiyya ƙarya ne, wata rana zai gwada da kansa ya tarar da yawa gaskiya ne. Ran nan zai yar da maganar ubansa, ya haɗa da bangaskiyar ubansa ya yar. Tun fiye da shekara 1,500 da suka wuce Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya yi wa masu bi kashedi a kan wannan. Ya nuna cewa in Kirista ya yi maganar wauta a kan rana da wata da taurari a gaban wanda ya san su, mutumin nan ba zai ƙara saurararsa ba sa'ad da ya zo kan maganar tashin matattu. Saboda haka a wannan wata bari mu ɗauki tambayoyin nan ɗaya-ɗaya, mu ga iyakar abin da masana suka gano, da inda sawunsu ya tsaya.

DUWATSUN DA KE FAƊOWA DAGA SAMA

Ran 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi a Zagami, cikin lardin Katsina, yana korar hankaki daga gonarsa, sai ya ji wata ƙara mai ban tsoro. Wani abu ya faɗo kusa da shi, tazarar ba ta wuce taku kaɗan ba, ya nutse cikin ƙasa. Da aka tono, sai ga baƙin dutse mai nauyin kilo 18. Shekaru da yawa bayan haka masana suka tabbatar daga duniyar Mas ya zo. Ta yaya suka sani? A cikin dutsen akwai 'yan ƙananan kumfa da suka riƙe iska. Da aka auna iskar, sai ta yi daidai da wadda kumbunan Viking na Amurka suka auna a kan Mas a 1976. Wani babban dutse ne ya taɓa faɗa wa Mas da ƙarfi, ɓarɓashi ya yi tsalle ya fita, guntu ɗaya ya yi ta yawo har ya ƙare a gonar Bakatsine. A Nuwamba 2023 kuma an tsinci wani irinsa a jihar Agadas ta Nijar, mai nauyi kusan kilo 25, aka sayar da shi a birnin Niyok a 2025 a kan fiye da dala miliyan 5.

Ashe dai duwatsu suna tafiya daga wata duniya zuwa wata. Waɗansunsu kuma ba hannu sake suke zuwa ba. A Satumba 1969 wani ya faɗo kusa da garin Murchison a Ostiraliya. Aka same shi ɗauke da sinadaran da ake kira amino, iri fiye da 70. Su amino ɗin nan kamar tubala suke, gama da iri 20 daga cikinsu ake gina naman jikin kowane mai rai. Don kada a ce a ƙasa dutsen ya kwaso su, sai hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta harba kumbo a 2016 zuwa wani dutse mai kewaya rana, wanda aka sa wa suna Bennu. Ran 24 ga Satumba, 2023, kumbon ya sako giram 121.6 na ƙurar dutsen a rufe. A Janairu 2025 aka ba da labari cewa an sami 14 daga cikin amino 20 ɗin nan a ciki, da dukan haruffa 5 waɗanda ake rubuta gadon halitta da su.

Wannan ne tushen maganar da yaranmu ke ji, wai rai daga sama ya faɗo. Ba sabuwar magana ba ce. Wani masani ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya faɗe ta tun farkon ƙarni na 20. A 1973 kuma Francis Crick, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano siffar zaren gado a 1953, ya haɗu da abokinsa Leslie Orgel suka kawo zato cewa watakila waɗansu masu hankali ne daga wata duniya suka aiko da irin rai da gangan.

Me za mu ce wa yaro? Da fari mu yarda da abin da aka auna. Tubalan suna nan a cikin duwatsun, babu gardama. Amma ba a taɓa samun abu mai rai, ko da ƙwayar cuta guda, da ta zo a cikinsu ba. Tulin tubali kuma ba gida ba ne. Ko wa ya taɓa ginin ƙasa ya san tsakanin kwaɓa da ɗaki akwai magini, akwai awo, akwai azara. Sa'an nan in ma an ce rai daga wata duniya ya zo, tambayar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. Can ɗin, daga ina ya fito?

TSAKANIN TUBALI DA GIDA

A da, mutane ko'ina sun ɗauka rai yana tsirowa da kansa: tsutsa daga ruɓaɓɓen nama, kwaɗi daga lakar ruwan fari. Wajen 1860 wani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya tafasa romo a cikin kwalba mai lanƙwasasshen wuya, inda iska ke shiga amma ƙura ba ta kai ga romon. Romon ya zauna bai lalace ba. Da ya karya wuyan kwalbar, sai ƙwayoyi suka cika shi. Tun daga nan aka san cewa a duniyarmu ta yau, rai daga rai yake fitowa.

To, na farkon fa? A 1952 wani ɗalibi a jami'ar Shikago, Stanley Miller, ya zuba ruwa da waɗansu iskoki a cikin kwalabe, ya riƙa sa musu tartsatsin lantarki maimakon walƙiya. Cikin mako guda ruwan ya canja launi, aka sami amino a ciki. Mutane da yawa suka ce saura ƙiris. Yau an wuce shekara 70, an sami ci gaba sosai, amma babu wanda ya haɗa ƙwayar halitta mai rai daga sinadarai zalla. A 2010 ƙungiyar Craig Venter a Amurka ta harhaɗa zaren gadon wata ƙwayar cuta a ɗakin bincike, amma sai da ta sa shi cikin ƙwayar da ke da rai tun da fari kafin ya yi aiki. A 2016 suka rage shi iyakar ragewa don su ga mafi ƙanƙantar abin da zai rayu. Sai da ya bukaci umarni 473, kuma a lokacin 149 daga ciki ba a san aikinsu ba. Wannan fa shi ne mafi talaucin masu rai.

A nan sai mu yi hattara, 'yan'uwa. Akwai jaraba mu ce, "Yawwa, tun da ba su gano ba, to nan Allah yake." Wanda ya rataye bangaskiyarsa a kan abin da masana ba su gano ba tukuna, ya rataye ta a kan ƙusar da za a iya zarewa gobe. Mun san yadda hadari ke haɗuwa, amma muna gode wa Allah don ruwa. Ungozoma ta san yadda ɗa ke girma a ciki wata tara, amma ran suna tare da mu take raira waƙar yabo. Sanin yadda aka yi abu ba ya korar wanda ya yi shi. In wata rana wani ya yi nasara a ɗakin bincike, abin da zai nuna shi ne ya bi sawun hanyar da aka riga aka shimfiɗa, da kayan da ba shi ya halitta ba.

Akwai wani mutum da ya kamata yaranmu su san sunansa, Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam, gwanin lissafi. A 1927 ya nuna cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, a 1931 kuma ya ce in haka ne, to yana da mafari. Awon da Edwin Hubble ya buga a 1929 ya goyi bayan faɗaɗar. Manyan masana da yawa ba su so maganar mafari ba, har Fred Hoyle na Ingila ya yi ta jayayya da ita. A 1965 waɗansu biyu a Amurka, Penzias da Wilson, suka ba da labarin wani ɗumi-ɗumi mai zuwa daga kowace kusurwa ta sama, ragowar zafin farkon nan. Lemaître ya ji labarin kafin ya rasu a 1966. Bisa ga lissafin yau, abin ya faru shekara biliyan 13.8 da suka wuce, biliyan ɗaya kuwa miliyan 1,000 ce. Amma ga abin lura. A 1951, da Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi kamar wannan bincike ya tabbatar da labarin halitta, Lemaître bai ji daɗi ba. Ya ga bai kamata a ɗaure Maganar Allah a jikin lissafin da za a iya gyarawa ba. Masu bi na gaske sun bambanta a kan kwanaki shida na Farawa, waɗansu suna ɗaukarsu kwanaki irin namu, waɗansu zamanai masu tsawo. Ba a wannan shafi za a raba gardamar ba. Amma dukanmu mun tsaya a kan cewa duniya tana da mafari, tana kuma da Mai ita.

Masana sun ce a farkon nan kusan babu kome sai iskoki biyu marasa nauyi, haidirojin da hiliyam. Sauran abubuwa a cikin taurari aka ƙera su, kamar a maƙera, da zafin da ya wuce misali. Da taurarin suka tsufa suka watse, ƙurarsu ta bazu, daga ita rana da duniyarmu suka haɗu wajen shekara biliyan 4.5 da suka wuce. In an auna jikin mutum, kashi 65 cikin 100 oksijin ne, 18 kabon, watau sinadarin gawayi, 10 haidirojin, 3 naitirojin. Ƙarfen da ke sa jininmu ja bai wuce giram 4 ba, nauyin ƙusa guda. Yaro zai zo ya ce, "Baba, an ce mu ƙurar taurari ne." Kada ka firgita. Buɗe Farawa sura 2 ku karanta tare. Tun can an gaya mana da ƙasa aka siffata mu. Ba a taɓa ɓoye mana ƙasƙancin kayan ginin ba. Abin da surar ta ƙara shi ne numfashin da aka hura, wannan kuwa ya kai mu tambaya ta biyu.

WANE NE KE CIKI YANA KALLO?

Hausa tana da kalmomi da yawa a nan. Muna cewa rai, muna cewa kurwa, ruhu, hankali, zuciya. In mutum ya suma ya farfaɗo mukan ce ya dawo cikin hayyacinsa. Wannan hayyacin shi ne abin da ya gagari masana: cewa akwai wani "ni" a ciki wanda ke jin zafin barkono, yana ganin jan faɗuwar rana, yana kuma sane da cewa shi ne ke gani.

Babu shakka ƙwaƙwalwa tana da hannu dumu-dumu a ciki. Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, tana kuma cin kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. A 1848 wani shugaban lebura mai aikin hanyar jirgin ƙasa a Amurka, Phineas Gage, sandar ƙarfe ta huda kuncinsa ta fita ta tsakar kansa. Bai mutu ba, ya ƙara shekara kusan 12 a duniya, amma likitansa ya rubuta cewa halinsa ya sāke, mai natsuwa ya zama mai saurin fushi da zage-zage. Tun 1846 kuma, da aka fara sa mutum barci don tiyata a birnin Boston, likitoci suna ɗauke hayyacin mutum da magani su komo da shi, shi kuwa bai san wucewar lokaci ba.

Wannan bai kamata ya girgiza mai bi ba, gama Littafi Mai Tsarki bai taɓa koya cewa jiki bukka ce kawai da rai ke fakewa a ciki ba. Mutum ɗaya ne, ƙasa da numfashi a haɗe. In tsirkiyar molo ta tsinke, kiɗa ya lalace ko da makaɗin gwani ne. Amma lalacewar kiɗan ba ta nuna babu makaɗi ba.

Abin da masana suke iya nunawa shi ne wane sashe na ƙwaƙwalwa ke motsi sa'ad da mutum ya ji zafi. Abin da ba su iya bayyanawa ba shi ne dalilin da ya sa motsin nan na sinadari da lantarki yake da ɗanɗano ga mai shi. A 1998 waɗansu shahararrun masana biyu suka yi caca a kan wannan. Christof Koch, masanin ƙwaƙwalwa, ya ce cikin shekara 25 za a gano takamaiman alamar hayyaci a ƙwaƙwalwa. David Chalmers, masanin falsafa, ya ce ba za a gano ba. A Yuni 2023 suka haɗu a gaban jama'a a Niyok, Koch ya amsa an kā da shi, ya biya da ruwan inabi. Ko na'urorin nan na zamani masu amsa tambaya a waya kamar mutum ba su warware matsalar ba. Iya magana daban, jin abin da ake faɗi a rai daban. A 1907 wani likita, Duncan MacDougall, ya ɗora majiyyata 6 a kan ma'auni suna bakin mutuwa, ya ce kurwa tana da nauyin giram 21. Awon nasa bai yi daidai da juna ba, masana ba su karɓa ba. Kada mu riƙa kawo shi cikin wa'azi.

Wannan magana tana da amfani a cikin gidajenmu. A 2006 wani masani a Ingila, Adrian Owen, ya sa wata mace mai shekara 23, wadda ta yi watanni cikin dogon suma bayan hatsarin mota, a cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Ya ce mata ta ɗauka tana buga ƙwallon tanis, sa'an nan ta ɗauka tana zagaya ɗakunan gidansu. Ƙwaƙwalwarta ta amsa daidai kamar ta mai lafiya. Tana ji, ba ta dai da ikon motsi. Wani bincike da aka buga a 2024 ya sami irin wannan ga majiyyata 60 cikin 241, watau ɗaya cikin huɗu. Saboda haka in naka yana kwance ba ya magana, kada a yi zancen gado ko na akwatin gawa a kansa. A kira sunansa, a karanta masa Zabura, a raira waƙar da yake so, a yi addu'a da murya.

Haka kuma tsohuwar da ta fara mantuwa, tana fita da dare tana sambatu, tana kiran sunayen matattu, ƙwaƙwalwarta ce ta gaji. Ba mayya ba ce, ba ta kama kurwar kowa ba. Abin kunya ne a ji an kori irin wannan uwa daga gidan masu bi, ko an tilasta ta tsallake yaro mara lafiya maimakon a kai yaron asibiti. Mai farfaɗiya ma ciwon ƙwaƙwalwa gare shi, akwai magani, ba a kuma ɗaukarsa ta wurin taɓawa. Siffar Allah ba ta barin mutum don ƙwaƙwalwarsa ta yi rauni.

BAYAN AN RUFE IDO

Mutuwa rigar kowa. A da, in numfashi ya tsaya, zuciya ta tsaya, magana ta ƙare. Daga 1960, da likitoci a Amurka suka nuna cewa danna ƙirji yana iya riƙe jini yana gudana, aka fara komo da mutane da yawa waɗanda zuciyarsu ta tsaya. Waɗansunsu suka zo da labari: sun ga haske, sun ji salama, sun ga danginsu da suka rasu, ko sun ga jikinsu daga sama. Wani likitan zuciya a Holan, Pim van Lommel, ya bi mutum 344 irin waɗannan, ya buga sakamakon a 2001. Mutum 62, watau 18 cikin 100, sun ba da irin wannan labari. Sauran ba su tuna kome ba. Wani likita kuma, Sam Parnia, ya sa aka ajiye hotuna a kan kantoci can sama a asibitoci, inda sai mai kallo daga rufi zai gani. Cikin sakamakon da ya buga a 2014, babu wanda ya faɗi abin da ke cikin hotunan, ko da yake yawancin majiyyatan a ɗakunan da babu kantar zuciyarsu ta tsaya.

Ba mu cewa mutanen nan ƙarya suke yi. Da yawansu rayuwarsu ta sāke, tsoron mutuwa ya rabu da su. Amma waɗansu masana sun ce aikin ƙwaƙwalwa ce da iska ta yanke mata, waɗansu sun ce ya fi haka, gardamar kuwa ba ta ƙare ba. Sa'an nan duk waɗannan a bakin kogi suka tsaya, ba su haye ba. Wanda ya tsoma ƙafa a ruwa ya komo ba zai ba ka labarin ƙetare ba.

Don haka mu yi hankali da littattafai da faya-faye da bidiyon waya na masu cewa sun je sama ko gidan wuta sun dawo, har suna lissafa wa suka gani a can da irin ɗankunnen da ya kai ta. A 2010 an buga wani littafi a Amurka na wani yaro da aka ce ya je sama bayan hatsarin mota. An sayar da shi da yawa ƙwarai. A 2015 yaron da kansa ya fito ya ce bai mutu ba, bai je ko'ina ba, ya kuma roƙi mutane su koma ga Littafi Mai Tsarki. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ku tuna Li'azaru ya kwana 4 a kabari, amma ba a rubuta mana ko kalma ɗaya ta abin da ya gani ba. Bulus ma, da ya ambaci wahayin da aka yi shekara 14 da aukuwarsa, bai buɗe abin da aka ji a can ba.

Akwai kuma maganar wabi. Macen da 'ya'yanta ke mutuwa bi da bi akan ce ɗa ɗaya ne ke tafiya yana komowa, har a yi wa gawa ko jariri shaida a jiki. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 9 ta nuna mana mutuwar mutum sau ɗaya ce. Kowane ɗa nasa ran daban, da nasa suna a gaban Allah. Sau da yawa abin da ke kashe yaran nan ciwon sikila ne, ko zazzaɓin cizon sauro. In miji da mata duka suna da jini AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na haifar mai sikila. Samari da 'yan mata su yi gwajin jini tun kafin magana ta yi nisa. Uwar da ta binne 'ya'ya kuwa ta'aziyya take bukata da rakiya zuwa asibiti.

To, a kan me begenmu ya tsaya? A kan abin da ya faru a fili, a wani gari da aka sani, a zamanin wani gwamna da tarihi ya san sunansa, Bilatus Babunti. Wajen shekara 25 bayan gicciyen, Bulus ya rubuta wa ikkilisiyar Koranti, a sura 15 ta wasiƙarsa ta fari, ya jera waɗanda suka ga Yesu da rai bayan an binne shi, har da taron fiye da mutum 500, yawancinsu kuwa suna nan da rai a lokacin, ana iya zuwa a tambaye su. Mutanen da suka gudu ran da aka kama shi, su ne suka komo suka tsaya a kan shaidar nan, har aka kashe waɗansunsu saboda ita. Wannan ya haye kogin, ya kwana a can, ya komo.

Begen Kirista kuwa ya wuce a ce kurwa ta tsira ta tafi wani wuri. Gaskiya ne mai bi in ya rabu da jiki yana tare da Ubangiji, kamar yadda aka yi wa ɓarawon nan alkawari a kan gicciye. Amma ƙarshen labarin tashin jiki ne. Yaro mai kaifin kai zai ce, "Yaya wanda ya ruɓe, ko kifi ya cinye, zai tashi?" Ka tuna masa cewa ko yanzu yawancin kayan jikinsa sauyawa suke. Ƙwayoyin jan jini kwana 120 suke yi a maye gurbinsu da sababbi. Ƙasar da ke jikinsa yau ba ita ce ta shekara goma da suka wuce ba, duk da haka shi ne dai. Wanda ya riƙe shi mutum ɗaya cikin wannan sauyi duka, ba zai rasa yadda zai komo da shi ba. Bulus ya ba da misali da iri, misalin da kowane manomi ya sani. Ƙwayar geron da ka binne ba ita kake tonowa da kaka ba, zangarniya kake yanka, amma daga ita ta fito. Masu bi na Morabiya a garin Herrnhut na Jamus suna kiran makabartarsu gonar Allah. Tun 1732 suke taruwa a can da asubar Ista suna waƙa a tsakanin kaburbura, kamar manomi da ya fita duba shuka.

ABIN YI A GIDA

Iyaye, ga shawara. A wannan hutu ku zaɓi dare ɗaya da babu hadari, ku shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan tuwo. Ku nuna wa yara Zara, da Kaza da 'Ya'yanta in lokacin fitarsu ne. Ku bar ɗan sakandare ya faɗi abin da aka koya masa, kada a katse shi. Abin da yake gaskiya ku ce gaskiya ne. Wanda ya fi ƙarfinku ku ce, "Bari mu bincika tare," ku kuwa cika alkawari, gama matambayi ba ya ɓata. Sa'an nan a karanta Zabura ta 8 da 1 Korantiyawa 15, a yi addu'a.

Ku kuma 'yan makaranta, ku yi karatunku da ƙwazo, kada ku ji tsoron kowane littafi. Amma ku koyi rarrabe abin da aka auna da abin da aka zata. In wani ya ce muku kimiyya ta tabbatar babu Allah, ko babu kome bayan kabari, ku tambaye shi da ladabi a wane ɗakin bincike aka auna wannan, a wace shekara. Ku kuma ji tausayin iyayenku. Mai yiwuwa ba su san sunan Bennu ba, amma sun tsaya a bakin kaburbura da yawa, sun san abin da ya riƙe su ba su fāɗi ba.

Wanda ke da tambaya a kan abin da muka tattauna, sai ya rubuto ta hannun edita. A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba maganar mafarki da masu fassara shi. Allah ya ba mu ganewa, ya kiyaye gidajenmu cikin salamarsa. Amin.